Ku taya ni raɗa wa wannan ƙarfe suna

Jama'a, ina neman suna. Makon jiya na haɗa wani ɗan ƙarfe da zai riƙa riƙe min allon rediyo idan ina liƙi. Dama tana riƙe da ƙarfen liƙi, hagu da dalma, to allon fa wa zai riƙe? Turawa suna ce masa helping hands.

Ga yadda na yi shi. Gindinsa guntun falle ne na ƙarfe mai nauyi, don kada ya kife. Hannuwa biyu, kowanne da gaɓa: ƙwallayen ƙarfe biyu a tsakanin ƴan faranti biyu, noti mai kunne ya matse su. Ka sassauta notin, ka juya aikin yadda kake so, ka ɗaure. A bakinsa akwai matsi irin mai haƙoran kada, na sa masa roba saboda ya taɓa karce min allo. Dabarar ƙwallon ba tawa ba ce. Tun 1956 Otto Colbert ya fito da wata irinta a Amurka, ita ce asalin bayis mai juyawa da ake kira PanaVise.

Maigidana ya ce bayis ne kawai. Ranka ya daɗe, bayis kam yana matsewa, amma a kafe yake jikin benci, kai za ka yi ta kewaya shi. Wannan shi ke juyowa gare ka.

Awartaki ya fi kusa, sai dai shi ma riƙe shi ake yi, ga shi hannun ne babu. Hannu na uku kuwa Turanci ne aka sa wa hula.

Wani ya ce ɗan riƙo, muka yi ta dariya. Ɗan riƙo ai yaron da kake reno ne, kuma shi ake riƙewa. Mariƙi ya yi ma'ana, amma kofi da bokiti sun riga mu.

Ni dai na tsaya a kan riƙau. Gini ɗaya ne da mantau da jimrau: wanda abin ya zame masa hali. Idan ana son bambanta shi da mai tauri, sai a ce riƙau mai gaɓa.

Jiya na gwada shi a kan ƙanina, bai taɓa jin kalmar ba. Na ce, "Kai, miƙo min riƙau." Ya dubi bencin, ya tsallake filaya da bayis, ya ɗauko shi. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ta Kano, ku da kuke wuni da irinsa, me kuke ce masa?