'Yata ta ce mace ba ta zama likita, wai a littafi ta gani

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman firamare.

'Yata tana aji huɗu, shekarunta tara. Tun tana ƙarama in aka tambaye ta me za ta zama sai ta ce likita, don ta ga wuyar da na sha a haihuwar ƙaninta. Shekaranjiya muna tsintar shinkafa sai ta ce ta fasa, nas za ta zama. Na ce ai nas ma aiki ne mai daraja, amma me ya faru? Ta ce, "Umma, ai likita namiji ne." Ta ɗauko littafin Turancinta ta buɗe min shafin sana'o'i. Likita namiji, injiniya namiji da hular kwano, matuƙin jirgi namiji, alƙali namiji. Mata uku ne a shafin: nas, mai ɗinki, da mai sayar da tumatir.

Da suka yi barci na bi littafin bango zuwa bango. Duk inda aka zana uwa, ko tana gindin murhu ko tana wanki, uba kuwa yana kan kujera da jarida. Da safe na ƙara tambayarta, ashe su 'yan matan ne ke share aji kullum, mazan suna ƙwallo. Monita namiji ne, mataimakiyarsa mace, aikinta adana tsintsiya.

Ni ban raina girki ba, da shi na tashi kuma ina koya mata. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shafi guda ya sauke wa yarinya burinta ban sani ba. In je in sami hedimasta ne, ko in gyara abina a gida?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina riƙe alli, kuma wallahi ni ma na yi wannan laifin. In na yi tambaya, masu ɗaga hannu suna "ni malam, ni malam" nake kira, akasarinsu maza. 'Yan matan suna can gefe sun sunkuyar da kai, sai in ɗauka ba su gane ba. Ranar da na zauna makin jarrabawa na ga wata da ban taɓa jin muryarta ba ta fi kowa a lissafi, kunya ta kama ni. Daga nan na koma kiran suna daga rajista, na kuma rubuta jadawalin shara da maza da mata.

Manhaja hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ce ke tsara ta, zane kuwa na kamfanonin ɗab'i ne, don haka hedimasta ba shi da iko kan hoto. Amma shara da monita suna hannunsa. Ki kai maganar taron iyaye da malamai, cikin lalama, kada malamin ajin ya ji kamar ƙararsa kika kai.

Ɗan Birni:
Ni dai ina ganin littafin abin da ke akwai ya zana. A yawancin gidajenmu uwa ce ke girki. Tsorona kada mu jawo wa yaranmu aƙidar waje da sunan gyara.

Ungozoma:
Malam Ɗan Birni, ka zo ɗakin awo rana ɗaya. Mace za ta zo da ciwo ta ƙi faɗa saboda likitan namiji ne, maigidanta yana bakin ƙofa yana cewa shi dai a nemo masa likita mace. Daga ina za ta fito in tun aji huɗu an nuna wa yarinya ba wurinta ba ne?

Kuma ba daga waje muka aro ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a zamanin NEPU kan 'yancin matan Arewa, waɗanda sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Mai shari'a Aloma Mukhtar ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012. In abin da ke akwai littafin ke zanawa, ina waɗannan a shafin?

Maman Biyu, ki ciro naira 20 ki juya bayanta. Ladi Kwali ce a wurin tana ginin tukunya. Ki nuna wa 'yar, ki faɗa mata sunanta.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, zan bi shawararka, taron yana nan ƙarshen wata kuma na yi magana da uwaye biyu a layinmu za mu tafi tare. Jiya na kai ta gidan wata 'yar uwar babansu da ke karatun likita, ta sa mata abin awon ƙirji a kunne ta ji bugun zuciyarta. Muna dawowa ta nemi fensir, ta zana mace da farar riga a gefen shafin nan, har da hijabi. Yanzu tambayata take ko malam zai yi faɗa don ta yi zane a littafi.