'Yata ta daina barci saboda jarrabawa, in cire ta daga lesin?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. 'Yata tana SS3, ajin kimiyya, makarantar jeka-ka-dawo. Ana tashinsu ƙarfe 2, ta zarce lesin har 5, bayan magariba kuma ga hadda. Da dare sai ta tsoma ƙafafunta a bokitin ruwa wai kada barci ya sace ta. Yanzu kullum ciwon kai, abinci sai na tsare ta, jiya na tarar da ita tana kuka a kan littafi. JAMB ta matso, WAEC na biye da ita. Babanta ya ce ta daure. Na riga na biya lesin na zangon nan. In cire ta, ko haddar zan sa a sassauta mata?

Ɗan Kurmi: Hajiya ki dawo da ita gida kawai. Makarantun kwana ɗin nan yunwa da siniyoyi ne ke rikita yara.

Maman Biyu: Malam ai a gida take kwana.

Gwaggo ta Zariya: Kuka ba dalili kuwa? A yi mata ruƙiyya tukuna, a dage da azkar safe da yamma.

Sista: Gwaggo addu'a dole ce, amma dalilin ga shi a fili. Yarinya mai shekarunta tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne abin da aka karanta yake zama a ka. A ɗauke bokitin nan, a duba ko tana shan kofi ko lemon ƙara kuzari. Idan ta fara cewa ta gaji da rayuwa, ranar za a kai ta asibiti, ba a jira.

Baban Yara: Ku bar ni in faɗa muku. Ni na matsa wa babban ɗana sai ya zama likita. Duk wanda ya zo gidana “Dakta” yake kiransa tun yana JSS. Ya yi JAMB, makin bai kai ba. Na hana shi ƙwallo, na karɓe waya, na ɗauko malami har gida. Ya sake yi, ya ma fi na farko lalacewa. Ranar da sakamako ya fito bai kwana a gida ba, sai a tasha aka gano shi. Shekara guda yaron nan ba ya haɗa ido da ni, in na shigo falo ya tashi. Uwarsa har yau ni take ɗora wa. Yanzu yana koyon gyaran sola, yana samun na kansa, amma hirar da muke yi da ba ta dawo ba.

Gwaggo ta Zariya: Allah sarki. Allah Ya daidaita tsakaninku. Ya yi aure kuwa?

Baban Yara: Ina fa. Na yi masa maganar, shiru ya yi mini.

Malamin Lissafi: Shekarata da yawa a aji. Yaran suna ɗaukar jarrabawar nan kamar hisabi, alhali kiredit 5 ake nema a WAEC don shiga jami'a, har da Turanci da Lissafi, kuma bayan WAEC ga NECO, ga GCE ƙarshen shekara. Kwasa-kwasai da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Ki zaunar da ita ki faɗa mata wannan da bakinki. Lesin kuwa ki mayar da shi kwana 3 a mako, kada ki cire gaba ɗaya.

Ɗan Kurmi: Dama mai lesin zai ce a daina lesin? Dubu 30 a wata fa kuke karɓa.

Malamin Lissafi: A ina? Mu dubu 8 ne, wasu ma sai an bi su bashi.

Ummu Khairi: Ni dubu 15 nake biya, ban da kuɗin kwamfuta na gwajin JAMB.

Sista: Ɗan Kurmi, kai da ko ɗa ba ka ajiye ba, ka bar masu abin su yi magana.

Ɗan Kurmi: To ni ma ai ɗan wani ne. Na yi bokitin ruwan nan a zamaninmu, barci ya kwashe ni da ƙafa a ciki, na tashi da mura da F9.

Baban Yara: Ba malami ba, ba nas ba, wanda abin ya ci shi za a saurara.

Ummu Khairi: Ni duk ba wannan ba. Makarantar yarana ta turo takarda: kuɗin lesin na dole, kuɗin jarrabawar gwaji, kuɗin walimar yaye ɗalibai, har da riga da hula na haya. Mai ba ɗalibai shawara kuwa suna ne kawai a jikin ƙofa, malamin Turanci ne aka liƙa masa, kullum ofishin a kulle. A taron iyaye da malamai na ɗaga hannu, shugaban ya ce lokaci ya ƙure.

Gwaggo ta Zariya: Har da hula? Mu anko suka fitar wa iyaye mata, kuma a wurin matar mai makarantar za a saya.