Neman shawara: Ina son tayar da Golf 2 ta Baba, in sa mata injin gas a gida

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai Golf 2 ƙirar 1988 da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari. Shekara shida ke nan tana kife a zauren baya, tayoyi sun zauna, kaji har ƙwai suke yi a but. Da aka yi rabon gado na ce a lissafa ta cikin kasona, domin a cikinta ya koya mini tuƙi, carbinsa ma yana nan rataye a madubi. Injinta na fetur ne, 1.6 mai kafireta, tun yana raye take shan baƙin mai tana hayaƙi. Ni mai walda ne, ina da kayan aiki daidai gwargwado, kuma duk mako ina zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina. Tunanina shi ne in cire wannan injin in sa na gas, wato dizal, in yi aikin da hannuna a gida da yamma da ranakun Juma'a. Wane inji zai zauna ba tare da na yanka motar ba? Me zan saya tare da shi? Kuma don Allah wanda ya ga aikin banza zan yi, ya faɗa mini tun ban kashe kuɗi ba.

Direban haya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, kafin a kai ga sifana, ɗauki biro. Golf 2 ɗin da na tuƙa mai kafireta tana cin kusan lita 9 a kilomita 100, mai gas ɗin abokina kuma kusan lita 6 a hanya ɗaya. Ke nan in kana yin kilomita 1,000 a wata, lita 30 ka rage. Amma ka san a Najeriya an daɗe gas ya fi fetur tsada, don shi ba tallafi a kansa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tazarar ta ragu, sai dai ba ta da tabbas. Je gidan mai ka dubi farashin yau: muddin litar gas ba ta kai litar fetur ɗaya da rabi ba, kana da riba a kowace tafiya. Sai ka raba kuɗin injin da kayansa da wannan ribar, ka ga wata nawa za ka yi kafin ka fanshe. In neman sauƙi ne kawai, gyara na fetur ɗin ka sa mata iskar gas ta CNG ma hanya ce.

Mai tambaya: Na gode, Oga direba. Na yi lissafin, ba zan fanshe da wuri ba. Amma gaskiya ba sauƙin mai kaɗai nake bi ba, ina son injin da zan yi shekaru ban buɗe shi ba, kuma na gaji da kafiretar nan tun zamanin Baba.

Tsohon bakanike, Kaduna: To ɗana, tunda ka san abin da kake so, saurara. Aikin yana yiwuwa, kuma Golf 2 na cikin motocin da suka fi sauƙin wannan canji, saboda Volkswagen da kansu sun fitar da ita da injin gas tsakanin 1983 da 1992, kuma gangar injin gas ɗin 'yar gida ɗaya ce da ta 1.6 da 1.8 na fetur. Da a ce taka 1.3 ce da na ce ka haƙura, domin giyarta da mazaunin injinta daban ne.

Zaɓinka huɗu ne a zahiri. Akwai 1.6 marar turbo, lambarsa JP, mai ƙarfin doki 54. Ba ya gudu, in ka cika mota da mutane za ka ji shi a hawa, amma shi ne mafi haƙuri. Akwai 1.6 mai turbo, JR, doki 70. Waɗannan biyun nata ne na asali, kusoshi kawai za ka ɗaura, illa dai sun tsufa, samun mai lafiya sai an tona. Sai na Golf 3: 1.9 marar turbo, 1Y, doki 64, da 1.9 mai turbo, AAZ, doki 75. Su ma suna zama idan ka kwance ƙarafan mazauni daga tsohon injin ka ɗaura musu, amma gangarsu ta ɗan fi tsayi, don haka bakin salansa sai ka yi masa gyara. Kai da kake mai walda wannan ba komai ba ne.

Za su nuna maka TDI, 1Z mai doki 90, su ce ya fi ƙarfi ya fi rashin ci. Gaskiya ne. Kada ka saya. Famfon mansa kwamfuta ke sarrafa shi, totur ɗinsa na lantarki ne, giyarsa wata ce, kulocinsa na mai ne. Wannan ba aikin zaure ba ne ga wanda bai taɓa yi ba. Huɗun can famfonsu na Bosch ne na zalla ƙarfe, waya ɗaya tak ke zuwa kansa, ita ke buɗe mai in ka murɗa makulli, ta rufe in ka kashe. Ka dai lura, wasu AAZ na ƙarshe-ƙarshe suna zuwa da wani akwatin tsaro a kan famfon, wanda ba ya barin inji ya tashi sai da makullinsa na asali. Nemi marar shi.

Ni da motar mahaifina ce, kuma a zafin Kano zan yi ta hawa, 1Y zan sa. Ba turbo, ba bututun mai na turbo, zafinsa da sauƙi, kuma ya fi JP numfashi.

Wani da ya taɓa yi: Abin da Baba bakanike ya faɗa haka yake. Ni zan ƙara da abin da ya ci ni. Na sayi inji tsirara wurin wani mai kayan Beljiyam don na ga araha, sai da na kai gida na gane ba kik, ba altaneta, ba famfon iskan birki, ba tukunyar tace mai. Wata huɗu ina bin ƙananan abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsu ya kusa kamo na injin. Kuma ban sa an tayar da shi a gabana ba. Da na ɗaura sai ga ruwan lagireto yana tafasa da kumfa, ashe kan silinda ya tsage. Waɗannan injinan sun shahara da tsagewa tsakanin bawul da bawul in sun taɓa yin zafi.

Don haka in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka, nemi rabin mota, wato gaban da aka yanko da komai a jiki, ko aƙalla inji da giyarsa. Ka sa a tayar da shi da sanyinsa, ka fara taɓa gangar da hannunka don kada a ɗumama shi kafin ka zo. Yana aiki, sassauta murfin baƙin mai ka bar shi a bakin ramin: in yana rawa kaɗan ba laifi, in iska na cilla shi sama ringi ya tafi. In za ka samu mai ma'aunin matsi ka biya shi ya auna. Sabo yana kaiwa wajen 34 a awon matsi da ake kira bar, wanda ya sauka ƙasa da 26 ka bar musu kayansu.

Mai wayarin mota: Ɓangarena kaɗan ne amma shi ke hana mota tashi. Za ka cire kwayil da duk wayoyin fulogi. Wayar da ke kawo wuta in an kunna makulli ita za ta koma kan famfon mai. Sai hita guda huɗu, masu ɗumama cikin silinda kafin a tayar da inji: suna jan wuta sosai, dole a ba su rile nasu da waya mai kauri da fis na amfiya 50, kai tsaye daga batir. Kar wani ya ce maka ƙasarmu da zafi ba ka buƙatar hita. Irin wannan injin ko a bazara yana son ta da safe, balle a hunturu. Batir ka ƙara girma, kik kuma na gas za ka sa, domin matsin injin ya haura 22 bisa 1, na fetur ɗinka kuwa wajen 9 ne. Kik ɗin fetur zai juya shi kamar mai jin barci har ya ƙone. Agogon juyin inji, in tana da shi, ba zai ƙara aiki daga kwayil ba, daga altaneta ake ɗauko masa, wurin da aka rubuta W. Kuma motar da ta shekara shida a ajiye, ka warware wayoyinta duka ka duba, ɓeraye ba sa barin su.

Mai gyaran bodi: Kowa na ta zancen inji. Malam, ka ɗaga kafet tukuna. Motocin nan sun sha gishirin titin Turai kafin su iso mu, kaji kuma sun ƙara nasu. Duba ƙasan gilashin gaba, bakin tankin mai, wurin da ake kafa jak, da ƙoƙon da shokazoba ke zama. Soka sukudireba, in ta shige, a yanke a sa sabon ƙarfe, ba a shafe da foti ba. In ƙoƙon shokazoba ko ƙafar sasi ta ruɓe, nan za ka fara, ba kasuwar inji ba. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an gama hawa da saukar inji.

Tsohon bakanike, Kaduna: Madalla da wannan. Sai birki, kuma a nan nake son ka natsu, ɗana. A injin fetur, iskar da ke taimakon birki daga maƙogwaron inji ake zuƙo ta. Injin gas ba shi da wannan zuƙar, shi ya sa aka yi masa famfo na musamman, yana zaune daidai inda distirbuta take a na fetur. In ba ka haɗa shi da tukunyar birki ba, ko tiyon na yoyo, feda za ta yi tauri kamar dutse, motar kuma ba za ta tsaya inda kake so ba. Na ga wanda ya fita gwaji a haka. Canza tiyoyin birki huɗun, da man birkin gaba ɗaya, da robobin cikin masta. Injin gas ya fi nauyi, sifirin ɗin gaba ma a sa na mai gas, in ba haka ba za ta duƙa.

Kafin injin ya shiga mota, yana ƙasa inda hannunka ke kaiwa ko'ina, sa sabon taimin bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa. Bel ɗin nan in ya tsinke fistin da bawul ne za su gwabza. A 1.9 ka duba babban kusan da ke riƙe da haƙorin karanshaf, an san shi da sassautawa har ya cinye bakin ƙarfen. Sabo ake sawa, a ɗaure da ma'auni. Saitin famfon mai kuwa ba a yi da kunne, agogon awo ake sawa. Wannan da gwajin nozul ka kai wa masu famfo, ba abin kunya ba ne. Kuma kada ka kuskura ka tara hannu a gaban nozul ko bututun da ke tsartuwa, matsin ya haura bar 100, yana huda fata.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: Mu nan mun saba da ƙananan motoci masu gazuwal, wato gas, kuma abin da na ga yana kashe su shi ne mai marar kyau. Tankin Golf 2 na roba ne, ba ya tsatsa, amma sauke shi ka wanke tsohon fetur ɗin sarai, ka busa bututun zuwa da na dawowa. Sa tukunyar tace mai ta gazuwal, mai ɗan famfo a gindi, ka riƙa tsiyaye ruwan da ya taru. Man bakin hanya da ake gaurayawa da kananzir ka guje shi, domin man da kansa ne ke shafe cikin famfon. Lagireto ka sa babba, fanka ta riƙa tashi da kanta, kuma kar ka cire tamostat.

Wata 'yar'uwa: Allah ya jiƙan mahaifinku. Ni roƙona biyu. Maigidana ya taɓa ɗaga inji da igiya a reshen darbejiya, reshen ya karye, Allah ne ya tsare ƙafarsa. Abin ya fi kilo 100 nesa ba kusa ba. Ka haɗa ƙafa uku na ƙarfe mai kauri ka rataya cen bulok, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ko bulo, kuma a hana yara zauren ranar. Na biyu, ka karɓi rasit mai lambar injin, ka je ofishin lasisi a gyara takardu su nuna sabuwar lamba da irin man, motar kuma ta koma sunanka.

Mai tambaya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kori kajin na share ta. Takardar da ke manne a but ta nuna lambar injin EZ ce, giya biyar. Ƙasan direba ya huje kamar tafin hannu biyu, amma ƙoƙon shokazoba da sasi lafiya lau. Zan fara da waldar ƙasan da birki a wannan watan, in tara kuɗin rabin mota mai 1Y. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: in ban samu da giyarsa ba, tawa za ta yi?

Tsohon bakanike, Kaduna: Za ta ɗauru, ita ce mai lamba 020, irin wadda Golf 3 mai 1Y da AAZ ke amfani da ita. Sai dai giyar fetur sau da yawa gajera ce, injin gas kuma ba ya son juyi mai yawa, a hanyar Katsina za ka ji yana kuka a giya ta biyar kana neman ta shida. Ka fara da ita, in ka samu ta gas daga baya ka canza. Abin da za ka tabbatar shi ne injin daga Golf ya fito, ba Passat ba, domin na Passat faifan kulocinsa na wata giyar ne, ba zai shiga taka ba. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin gangar, tsakanin famfon mai da famfon iska, ka turo mini kafin ka biya.