Shawarwarin da aka tattaro kan ajiye littafin rubutu na kai

Waɗanda suka daɗe suna rubuta al'amuransu na yau da kullum sun haɗu a kan cewa kwanan wata ne farko. Shafin da babu rana da wata da shekara ba ya raba gardama.

A kan rubuta bashi shawarwarinsu suka fi yawa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci. Sai a sa sunan mai karɓa, da ranar biya, da shaidu biyu, a rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, domin ƙarin sifili ɗaya kan mai da 5,000 ta koma 50,000. In an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai. Kada a goge, kada a yage shafi, nan ne zargi ke shigowa.

Manomi ya rubuta ranar shuka da ta zuba taki. Mai hawan jini ya rubuta awonsa ya nuna wa likita. Boko ko ajami, duk ɗaya ne. A yi da biro, don rubutun fensir na gogewa, a kuma sa littafin cikin leda saboda laimar damina da gara.