Superman jarumi ne ko sadauki? Ku zo mu raɗa wa finafinan nan suna da Hausa

1/ Jama'a masu kallon fim, ku matso mu yanke wata magana. Mutumin nan mai jar alkyabba da ke tashi sama ya tallabi jirgi da hannu ɗaya, da ɗan'uwansa mai manne wa bango yana harba saƙar gizo-gizo, waɗanda Turawa ke kira "superhero", me za mu riƙa ce musu da Hausa? Kullum aka tashi musu tsakanin masoya finafinan kamfanin Marvel na Amurka da masu son ƙananan finafinan barkwanci, sai ka ga mutum ya jero zancensa da Hausa tiryan-tiryan, yana zuwa daidai nan sai ya cusa Turanci. Abin yana damuna. Akwai kalmar da na tsaya a kanta, amma bari mu fara da waɗanda aka saba kawowa.

2/ "Jarumi" ce ke fara zuwa bakin kowa. Matsalar ita ce Kannywood ta riga ta karɓe ta. Yau jarumi shi ne ɗan wasa, jaruma 'yar wasa, ko da kuwa a matsoraci mutum ya fito. Ji wannan: "Jarumin da ya fito a jarumin Wakanda ya rasu." Wanda ya rasu Chadwick Boseman ne, a watan Agusta na 2020, bayan fama da kansar hanji. T'Challa kuma, sarkin ƙasar almara ta Wakanda, mutumin cikin labari ne da ya taka a Black Panther na 2018. Dole harshe ya iya raba mutum biyun nan.

3/ Wani ya ce ai a gidan kallo tun muna yara "ekta" da "bos" muke cewa, a bar shi haka. Ɗan'uwa, ina son kalmomin nan, kuma sun zama namu. Sai dai ekta shi ne duk wanda labari ke bi. Rambo ekta ne, saurayin fim ɗin Indiya mai rawa a cikin furanni shi ma ekta ne. Ba ta ware irin mutumin da muke nema.

4/ To wane irin mutum ne? Abin ya samo asali ne daga littattafan zane na Amurka. Superman ya fara bayyana a 1938, Jerry Siegel ya rubuta, Joe Shuster ya zana. Batman ya biyo baya a 1939, Wonder Woman a 1941, Spider-Man a 1962, Black Panther a 1966. In ka jera su za ka ga abin da ya haɗa su: iyawar da ta wuce ta sauran mutane, da shiga ta musamman wadda sau da yawa ke ɓoye ainihin mutum, da tsayawa tsakanin talaka da wanda zai cuce shi.

Ku lura, iyawa na ce, ban ce sihiri ba. Batman ba ya tashi sama, harsashi na iya huda shi. Dukiya gare shi, da horo, da kaifin basira. Iron Man ma ƙera sulkensa ya yi da iliminsa. Saboda haka duk masu kawo "mai ƙarfin tsafi" ko "mai siddabaru" sun bar manyan gidan a waje.

5/ "Gwarzo" ta tafi wajen kyaututtuka: gwarzon shekara, gwarzon musabaƙa, gwarzon ɗan ƙwallo. In ka ce fim ɗin gwaraza, wani zai zaci labarin waɗanda aka karrama ne. "Barde" kuma tana tafe da dokinta da mashinta da fadarta, mutumin sarki ne, alhali yawancin waɗannan mutane ba su karɓar umarnin hukuma, wasu ma 'yan sanda ke nemansu.

6/ "Gagarau" ta ɗan riƙe ni, don tana da daɗin faɗa. Amma gagarau wanda ya fi ƙarfin kowa ne kawai, ba ta ce don wa yake amfani da ƙarfin ba. Kuma duk wanda ya san Spider-Man ya san ba gagarau ba ne: yana shan duka, kuɗin haya na gagararsa, kawunsa ya mutu bai iya hanawa ba. Wannan rauni shi ne abin da ya sa matasa ke ƙaunarsa.

Wanda ya kawo "buwayi" kuwa, Malam, ka yi haƙuri, wannan ba ma za mu sa ta a layi ba. Kunnen Bahaushe ya san wa ake yi wa wannan kirari, kuma ba mutumin zane ba ne.

7/ Kalmata ita ce SADAUKI. Jam'i sadaukai, mace sadaukiya, nau'in fim ɗin kuma finafinan sadaukai.

Na farko, har yanzu masana'antar fim da ƙwallo ba su janye ta zuwa wata ma'ana ba. Ba a ce wa ɗan wasa sadauki, ba a ba da kyautar sadaukin shekara a ƙwallo. Na biyu, ta riga ta yi wannan aiki a adabinmu. Duk wanda ya karanta littattafan yaƙi na marubutan Kano ya san sadauki shi ne wanda ke tunkarar runduna shi kaɗai, ya kara da aljani ko dodo, ya ceto gari. Mai karatu bai taɓa tambayar ko da gaske mutum ɗaya zai iya haka ba, don kalmar da kanta ta shirya shi.

Kuma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Tarihin Kano ya kawo Barbushe a matsayin ƙaton mafarauci mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Labarin Daura ya kawo Bayajida, baƙon da ya sare macijin rijiyar Kusugu wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mun san 'yan tauri da wuƙa ba ta kama su, mun san labarin layar zana da ke ɓatar da mutum, da kau-da-bara da ke karkatar da kibiya. Rabin baiwar da Marvel ke raba wa mutanenta, akwai sunanta a Hausa tun kafin a ƙirƙiro sinima.

8/ Abin da ya ƙara ɗaure ni da ita shi ne yadda take zama kusa da "sadaukarwa" a kunne. Wanda ya kalli Avengers: Endgame na 2019 ya ga yadda labarin Tony Stark, wato Iron Man, wanda aka faro a fim ɗin Iron Man na 2008, ya ƙare da ba da ransa. Ka ce "sadauki ya sadaukar da kansa", jimlar ta zauna daram. Ba wata kalma cikin waɗanda muka bi da ke ɗauke da wannan nauyi.

9/ Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa sadauki ai ana faɗa wa mutanen gaskiya na tarihi, irin Sarauniya Amina ta Zazzau, kada mu haɗa su da masu abin rufe fuska. Yaya, maganarki tana kan hanya. Inda ake tsoron ruɗani, a ƙara kalma ɗaya: sadaukin almara. A rubutun jarida ko na makaranta a fara da cikakken sunan, daga nan a ci gaba da "sadauki" kawai. A hira kuwa ba a ma buƙata, wanda ya ce zai je kallon fim ɗin sadaukai ba wanda zai zaci yaƙin Zazzau ne.

Abin lura: kalmar Turancin ita kanta kamfanonin littattafan zane na Marvel da DC sun yi shekaru da dama suna riƙe da ita tare a matsayin tambarin kasuwanci, sai a 2024 hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta soke rajistar. Tamu ba ta kowane kamfani ba ce.

10/ Yanzu mu gwada ta a cikin ainihin musun. A 2019 darakta Martin Scorsese ya ce a ganinsa finafinan Marvel ba sinima ba ne, sun fi kama da filin wasa mai lilo da majaujawa. Masoya sadaukai suka yi masa ca. Daga baya ya yi dogon bayani a jarida cewa damuwarsa ita ce irin waɗannan manyan finafinai sun cinye gidajen sinima, ƙananan ba sa samun allo. Masu kare sadaukai suna cewa jama'a ne suka zaɓa da aljihunsu: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, kuma Disney da ta sayi Marvel a 2009 kan kimanin dala biliyan 4 ba ta yi asara ba. Da The Marvels ya faɗi a kasuwa a 2023 aka ce mutane sun gaji da sadaukai, sai Deadpool & Wolverine ya zo a 2024 ya haura dala biliyan ɗaya.

Kun ga duk wannan ya faɗu da Hausa ba tare da tuntuɓe ba.

11/ Saura ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi ba ni wuya. Finafinan barkwancin da Turawa ke yi wa laƙabi da "indie", wato waɗanda aka shirya ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood irin su Disney, Warner Bros, Universal, Paramount da Sony ba.

Da yawa sun ce "camama". Na gane dalili: ƙaramin jari, 'yan wasa kaɗan, dariya. Kuma ina girmama abin da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi da wannan salo, ya sa ƙauye da birni dariya da abin da bai taka kara ya karya ba na kuɗi. Amma camama a bakin mutane ta ɗauki ma'anar aikin gaggawa, a ɗauka yau a fitar gobe. Waɗancan finafinai kuwa ƙarancin kuɗi ne ya haɗa su da camama, ba gaggawa ba.

12/ Kevin Smith ya ɗauki Clerks na 1994 a shagon da yake aiki, da daddare bayan an rufe, baƙi da fari, da ƙasa da dala 30,000. Napoleon Dynamite na 2004 an yi shi a wani ƙaramin gari a jihar Idaho da kimanin dala 400,000, ya dawo da sama da miliyan 40. Little Miss Sunshine na 2006, labarin wani iyali da suka cunkushe a tsohuwar bas mai ruwan ɗorawa wadda sai an tura take tashi, don kai 'yarsu gasa a Kalifoniya, ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya na rubutun labari ne. Fim ɗin da aka ba kyautar rubutu ba za a kira shi camama ba.

13/ "Mai zaman kansa" fa? Ana cewa makaranta mai zaman kanta, asibiti mai zaman kansa, amma can ma'anar ita ce ba na gwamnati ba. Disney ma ai ba ta gwamnati ba ce. Ba ta raba komai.

Abin da na zaɓa: FIM MAI CIN GASHIN KANSA, barkwancin kuma barkwanci mai cin gashin kansa, masu yin sa 'yan cin gashin kai. Mun saba jin ta a maganar ƙananan hukumomi, kuma ma'anar ɗaya ce: ba wani babba a sama da zai ce maka canza ƙarshen labari, ko sa wane don sunansa na sayarwa. Tana da tsawo, na sani, amma tana faɗin abin da ake nufi. Kuma 'yancin a wajen shiryawa yake. Little Miss Sunshine an gama shi ne aka kai bikin finafinai na Sundance a jihar Utah, a can kamfanin Fox Searchlight ya saye shi kan dala miliyan 10.5 ya rarraba. Sayen bai canza yadda aka haife shi ba.

14/ Ni dai a wannan musu zuciyata tana wajen 'yan cin gashin kai. Ina jin daɗin sadaukai, Black Panther ya taɓa ni sosai. Amma fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan ɗari biyu ba ya iya yin kasada, dole ya gamsar da kowa daga Amurka har Sin, shi ya sa da yawansu ke ƙarewa da faɗa iri ɗaya a sararin sama. Ƙaramin fim yana iya tsayawa a kan uba da ya kasa, ko yaron da ba shi da aboki, ya ba ka dariya kana jin tausayi. Kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya ba: Everything Everywhere All at Once na kamfanin A24, wanda ya kwashe Oscar 7 a 2023, barkwanci ne mai cin gashin kansa, amma matar da Michelle Yeoh ta taka, mai shagon wanki da ke tsallaka duniyoyi don ceto 'yarta, sadaukiya ce ta kowace fuska.

15/ Akwai wanda tun ɗazu yake ta turo "hatsabibi". Ɗan'uwa, ban manta da kai ba, ajiye ta na yi don wani gurbi. Hatsabibi yana da iyawar da ta wuce hankali, amma ana tsoronsa ne, ba a fakewa a bayansa. Wannan sunan abokin gabar sadauki ne. Thanos hatsabibi ne, Loki hatsabibi ne, Magneto ma haka. Joker ne kaɗai ya ƙi shiga, don ba shi da wata baiwa sai mugunta da wayo, kuma gare shi "tantiri" nake gani. Masu fassara finafinai irin su Algaita da masu rubuta sharhi a shafuka, ku kuka fi mu kusa da kunnen jama'a: ku gwada sadauki da hatsabibi a aikinku na gaba, ku faɗa mana yadda 'yan kallo suka karɓe su.