Neman kalmar Hausa: me za mu kira zanen abstract?

Ɗalibar zane: Salamu alaikum. Ina rubutu a kan Mark Rothko, wani Bayahude mai zane na Amurka, kalmar abstract ta tsaya mini a wuya. An haife shi a 1903 a Dvinsk, cikin daular Rasha, garin da yanzu yake ƙasar Latbiya. A shekarar ce aka kashe Yahudawa 49 a Kishinev, wani gari a daular. Shi ne auta, shi kaɗai mahaifinsu ya sa a makarantar addinin Yahudawa da suke kira heder. Ya kan ba da labarin yadda mahaya dawakin Kosak, mayaƙan daular Rasha, suka kwashi Yahudawa zuwa daji, suka sa su tona ramin da za a binne su. Masu tarihi sun ce ba a yi wannan kisa a Dvinsk ba, amma ramin ya zauna masa a rai har bayan ya koma Amurka a 1913. Daga baya ya bar zana mutum da dabba, daga 1949 kuwa sai faffaɗan launuka masu kusurwa huɗu, wani bisa wani, gefensu dishi-dishi. Wasu masu sharhi suna ganin bakin ramin nan ne. To me sunan wannan zane da Hausa?

Tsohon ɗan jarida: Wa alaikumus salam. Zane marar siffa, an gama.

Ɗalibar zane: Baba, ai da siffa. Kusurwa huɗu ba siffa ba ce?

Mai aikin hula: Mu dai zayyana muke cewa. Dubi Dagin Arewa, dubi aska takwas a gaban babbar riga. Ba hoton kowa a ciki.

Malamin Hausa: Zayyana ado ce, Malam. Mai hula so yake a yaba a saya. Rothko kuwa da bakinsa ya ce ba dangantakar launuka ce ta dame shi ba, abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam yake nema, baƙin ciki da shauƙi da halaka. Har ƙin a kira shi mai zanen abstract ya yi. Je ka duba zane 14 da ya yi wa wani ɗakin ibada a birnin Houston na Amurka da aka buɗe a 1971, shekara guda bayan mutuwarsa. Kusan baƙi ƙirin suke. Wa zai kira wannan ado?

Tsohon ɗan jarida: To mu ara daga Larabci mana, su tajridi suke cewa.

Malamin Hausa: Sai mun sake fassara tajridin, aiki ya zama biyu.

Mai aikin hula: Zanen zaurance fa?

Ɗalibar zane: Ya yi daɗin faɗa wallahi. Sai dai zaurance yana da mabuɗi, wanda ya iya zai warware ya ce ga abin da ake nufi. Shi wannan ba a warware shi, tsayawa ake a gabansa.

Malamin Hausa: 'Yata, amsar tana cikin labarin da kika kawo. Cikin dokoki goma na Attaura akwai wadda ta hana sassaƙa gunki ko yin kamannin abin da ke sama, ko ƙasa, ko cikin ruwa. Duk yaron da ya zauna a heder ya san ta. Mu ma ba baƙonmu ba ne zancen zana mai rai. Sannan tsoron yarinta ba ya da fuska. Wa ya taɓa ganin dodon da aka tsorata mu da shi? Ba wanda zai ce ga hancinsa, amma kowa ya san yadda gabansa ya faɗi. Abin da zanen ya rasa kamanni ne, ba siffa ba. Ni na tsaya a kan zane marar kamanni.

Tsohon ɗan jarida: Ya yi tsawo a kanun labari. A ce zanen ba-kama, irin su ba-zata.

Mai aikin hula: Baba, za a ɗauka zanen da 'yan sanda ba sa kamawa ne.

Ɗalibar zane: Na ɗauki zane marar kamanni, na gode Malam. Marar zan rubuta ko maras?

Malamin Hausa: Duka ana faɗa. Ki zaɓi ɗaya, kada ki gauraya su a rubutu guda.