Waɗanda suka taɓa aikin murya bayan dirama, ku zo ku ba ni labari

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida kenan ina dirama, tun daga wasannin walimar makaranta a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, Ghana, har muka fara hawa dandamali na gaske, sau biyu na fito a talabijin amma irin fitowar da sai ka nuna wa inna da yatsa kafin ta gane kai ne. Jiya wani ya kira ni wai suna neman muryar Hausa a tallan rediyo na sakan 30, ranar Alhamis zan je situdiyo. Ban taɓa tsayawa gaban makirfo ni kaɗai ba. Dan Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ta kaya masa, har da maganar kuɗi, kar in je in yi arha da kaina.

Tsohon Sabon Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Mu ne muka ga lokacin da aka buɗe National Theatre, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Accra, a 1992, wanda 'yan China suka gina, lokacin konsat fati, wato wasan barkwanci da kiɗa, na tashe ana nuna shi a GTV, talabijin ɗin gwamnati, kowa so yake ya hau. Ni a wata ƙaramar ƙungiya nake kuma in dai kai ɗan Zango ne to rawarka sananniya ce, maigadi ko mai tsire, ka fito da tocila ka ɓata Turanci a yi dariya. Shekara nawa ina maigadi, wallahi har a turoturo, motar haya, ake ce min wacman. To a dandamali abin da aka koya mana shi ne muryarka ta kai kujerar ƙarshe. Da wannan na shiga situdiyo, ina buɗe baki injiniya ya fizge abin kunnensa ya ce Alhaji kashe ni za ka yi? Sai da na koyi yin magana kamar ina yi wa mutum ɗaya raɗa a masallaci. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninka da makirfo, kuma hannun nan da muka saba wurgawa ka sa shi aljihu.

'Yar Aboabo:
Hhhh Baba ka tuna min. Ni a Kumasi nake, na yi finafinan Kumawood, wato finafinan Kumasi, kaɗan da harshen Twi kafin aka kira ni ɗora murya a wani shirin wayar da kai kan rigakafin yara. Na ci ado na tafi da awarwaro cike da hannu kamar mai zuwa suna, ashe makirfo ba abin da ba ya ji, sai da aka sa na cire su duka, ɗan kunne ma, har takardar da nake riƙe aka ce in daina juyawa. Ga shi azumi ne, cikina ya yi ƙugi ana tsakiyar ɗauka, aka mayar min a lasifika kowa ya ji, kunya kamar in nutse. Kuma 2015 ne lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, mun kai layi na ƙarshe wuta ta ɗauke, ba su da janareta, washegari na sake biyan mota na dawo. Ka ci wani abu kafin ka je, ka riƙe ruwa mara sanyi.

Mai Talla:
Ƙanena duk wannan mai sauƙi ne, kuɗin ne wurin. Akwai tallan da na yi wa wani kamfani, ba zan kama suna ba, sau ɗaya aka biya ni, shekara uku ina jin muryata a cikin tasi da shagon aski, daga baya ma suka yanka ta suka sa a Facebook. Da na yi magana sai aka ce ai ka karɓi kuɗinka. Laifina ne ban tambaya ba. Ka tambaye su wata nawa za a sa shi, gidan rediyo nawa, da intanet ko babu, a rubuta ko da a WhatsApp ne. Rabin kuɗi ta momo, wato turawa ta waya, kafin ka buɗe baki. Sannan ka lura, da Turanci suke rubuta tallan, sai a miƙo maka a ce ai kai Bahaushe ne juya mana, to fassara aiki ne daban da kuɗinsa daban. Kuma abin da Turanci ya faɗa a sakan 30 Hausa sai ta haura, dole ka datse, ka gwada da agogon waya tun a gida.

Tsohon Sabon Zango:
Wani abu kuma, ka tambaya wace Hausa suke so. GBC, gidan rediyon gwamnatin Ghana, ta daɗe tana labarai da Hausa, mun taso muna jin ta tsaf, amma mu a Zango mace ma "ya zo" muke ce mata.

'Yar Aboabo:
Baba nan fa ban yarda a riƙa raina tamu ba. An taɓa sa ni kwaikwayon Hausar Kano irin ta finafinan Kannywood, na yi ta murɗe harshe, da aka sa shi matan unguwar Asawase suka ce wannan tallan 'yan Najeriya ne ba namu ba. In masu saye 'yan Zango ne a yi musu da bakinsu mana.

Tsohon Sabon Zango:
Ai ban ce a raina ba 'yata, cewa na yi ya tambaya.

Ɗan Nima:
Na dawo jama'a, Allah ya saka. Sau 14 aka ɗauka, kalmar "biya" ce ta riƙa bugun makirfo sai da aka karkatar da ni gefe kaɗan. Hausar Zango suka zaɓa. Yaya Mai Talla na tambayi wata nawa, mutumin ya kalle ni ya ce wa ya koya maka, muka tsaya kan wata shida rediyo kaɗai. Rabin kuɗin ya shigo, sauran wai Litinin.

Mai Talla:
Wace Litinin ɗin? Ka sa ya faɗi kwanan wata.